Gwangwanin Bota da Idon Baba

Na san abin da ake gaya muku a kaina. Ranar sunan ɗan Hadiza da kunnena na ji wata tsohuwa tana nuna ni, tana ce wa jikana wai kakansa ne mutumin da ya fizge sandar fito daga hannun ubansa a tsakiyar kogi, a gaban mata. Ba ƙarya ta yi ba, na fizge. Dalilin ne ba ta sani ba, kuma ba laifinta ba ne, mu muka ɓoye. Yanzu Baba ya rasu, Inna ta rasu, an yi gada a inda muke fito, ba wanda maganar za ta cutar. To ku zauna ku ji yadda aka yi, daga bakina.

Ni dai tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya. An kai ni makaranta har na taɓa midil, zaman benci ya gagare ni, na gudo. Aka kai ni wajen tela, na ɗinke wa wani hannun riga a wuya, na gudo. Na yi gyaran keke, shi ma na bari. Baba kuwa, Malam Ari Mai Fito, abu ɗaya yake so, in tsaya a bakin kogi in gaji sandarsa kamar yadda ya gaji ta ubansa. Na iya tuƙi, don a cikin kwalekwale na tashi, amma ni a ganina ba aikin da ya kai fito ban haushi: ka je hayi, ka dawo, ka je hayi, ka dawo, har ka mutu ba ka je ko'ina ba. Da na ji ana ɗaukar ma'aikata a garin Malam Madori lokacin cinikin gyaɗa, ko sallama ta kirki ban yi ba na kama hanya. A can na samu aiki a kantin wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, da muke kira Abu Lofe, don lofe ba ya barin bakinsa ko da wuta ko babu. Yana sayar da yadi da kananzir da sabulu da gishiri, sannan can ciki akwai kanta guda ta kayan gwangwani saboda akawunan jirgin ƙasa da mutanen kudu da Turawan awon gyaɗa. Aikina in goge gwangwanayen nan, in jera su, fuskar kowanne tana kallon ƙofa.

In rana ta take tsaka ciniki yakan mutu. Abu Lofe ya kwanta a kan dilar yadi, ni kuma ba ni da abin yi, ga shi ba na iya zama haka kawai. Sai na fara karanta gwangwanayen. Turancina na lokacin bai wuce na gaisuwa da lissafi ba, amma ina haɗa baƙi. Na lura kowane gwangwani magana biyu yake yi. A gaba manyan baƙaƙe, ga hoton jariri mai kumatu ko saniya tana murmushi, wannan kirari ne kawai. A baya kuma, can ƙasa, akwai ƙananan baƙaƙe da sai ka matso da ido, a nan ake faɗin abin da aka zuba a ciki, ɗaya bayan ɗaya. Nan ne ya ja ni. In kalma ta gagare ni sai in riƙe ta a ka, duk akawun da ya shigo in tare shi da ita kafin in ba shi kayansa. Har suka gane ni, wani ma in ya hango ni da gwangwani a hannu sai ya ce shi sauri yake. A haka na gane bota ɗin nan da ake shafa wa burodi ba man shanu ba ne ko kaɗan. Man gyaɗa ne da alayyadi, wato man ƙwallon kwakwar manja, da gishiri da ɗan madara. Gyaɗar da muke gani ana lodawa a tasha, ita ce take dawo mana a gwangwani ta yi fari ta yi tsada. Na yi dariya ni kaɗai ranar da na gano haka.

Amma akwai layi na ƙarshe da ya tsaya mini. Kalma ɗaya a ciki na san ta tun daga aji, ita ce wadda malam yake faɗa in za a yi lissafin tarawa. Wato an ƙara wani abu. Abin da aka ƙara kuma wai bitamin, ɗaya A, ɗaya D. Na duba madarar gwangwani, ita ma an ƙara mata D. Na duba garin da ake dama wa jarirai, shi nasa har sun fi haka yawa. Abin ya ɗaure mini kai, don a kasuwarmu in mutum ya ƙara abu a cikin kaya, algus ya yi. Mai nono ta ƙara ruwa, mai gyaɗa ya ƙara yashi, kuma kowa ɓoyewa yake. Ga wasu sun ƙara abu, sun kuma rubuta da hannunsu cewa sun ƙara. Na tambayi Abu Lofe, ya ce shi sayarwa ya zo yi, ba ci ba. Sai ranar da Malam Bukar ya shigo sayen madara, malamin asibitin tasha ne, Babarbare, mai son a tambaye shi abu.

“Kai Habu,” ya ce, “ka san gishiri a miya? Ɗan kaɗan ne, amma in babu ka sani. To wannan ya fi gishiri ƙanƙanta, ba ka ganinsa, ba ka jin ɗanɗanonsa, amma jiki ya san in babu. Man shanu da nasa Allah ya yi shi. Man gyaɗa ba shi da shi, shi ya sa masu yin bota suke zuba masa, don ya kamo man shanu.”

Na ce, “To me yake yi wa mutum?”

“D na ƙashi ne. A na ido ne. In A ya ƙare a jikin mutum, da rana yana gani lafiya lau, rana na faɗuwa sai ya zama kamar an kife masa ƙwarya.”

“Ai dundumi ke nan, Malam.”

“Dundumi ke nan. Ba tsufa ba ne, ba sammu ba ne, abinci ne ya gaza. Yana cikin hanta, yana cikin ganye, yana cikin manja. Mu a asibiti man hantar kifi muke bayarwa. Yanzu ba ni madarata, ka tsayar da ni.”

Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba, na dai ajiye ta cikin tarkacen da ke kaina, don a lokacin wani abu ne ya cika mini zuciya. Cinikin gyaɗa ya ƙare, bazara ta shigo, Abu Lofe zai rufe kanti ya koma babban kantin ɗan'uwansa a Kano har kaka. Ya ce ya ga ina karanta kaya, ba na ba mutum sabulu a madadin cuku, in ina so in bi shi. Kano! Ni da kullum nake tsayawa a tasha ina kallon bayan jirgi har ya ɓace. Na ce masa ko yau. Ya ce in je gida in yi sallama tukuna, shi ba ya son a biyo shi da ƙara an ce ya saci ɗan mutane.

Na isa gida da la'asar sakaliya. Baba ya rame ƙwarai. Ashe duk ranin nan ciwon ciki ya yi ta fama da shi, ba abin da yake zama masa sai koko, ba wanda ya aiko mini. Amma ya miƙe, yana ta ɗaure-ɗauren kwalekwale da toshe ɓaraka, don an fara yayyafi, ruwan kogi yana hanya. Da aka kira magariba ya tafi masallaci. Ina zaune a tsakar gida sai na ga Inna ta jawo turmi ta kafa shi dab da ƙofar zaure, ta hau daka. Na yi mamaki, don Inna ba ta daka da magariba, ita ce ma mai hana wasu. Na leƙa turmin. Babu komai a ciki, ko ƙwayar gero. Ta ci gaba da bugawa, ba ta kalle ni ba, har Baba ya shigo yana shafa bango da gefen hannu kamar mai duba ko yaɓe ya tsage. Yana shigowa ta ajiye taɓarya. Ya wuce ta gabana, rigarsa har ta taɓa gwiwata, bai san ina wurin ba.

Ku san ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ranar sai ta juya wa murhu fuska ta yi magana kamar da tukunya take.

“Mai kanti ya ga abin da ya gani. In yana da hankali bakinsa zai tsaya a cikin gidan nan.”

Na ce, “Inna, ai dundumi ne. Ana warkewa. A nemo masa hanta mana.”

“A nemo ta yaya? Ya fita ya bi mahauta yana roƙo, gari ya taru?”

Nan na tuna yadda ake yi a garinmu. Hantar dundumi ba a sayenta, wai in an saya ba ta ci. Mai ciwon ne da kansa zai je rumfar mahauta ya ce a ba shi sadakar hanta don ido, a gasa, ya ci a tsaye a wurin, yara suna biye da shi suna tafi. Ko a ɓoye ka aika a sayo, mahauci ya san gidan da ba a saba sayen hanta ba, kafin azahar an ji. Ga wani mutum wannan abin dariya ne na kwana biyu. Ga mai fito kuwa ƙarshensa ke nan. Dokar Sarkin Ruwa ce tun kakanni, mai fiton da idonsa ya taɓu a karɓe mashigin a ba wani gida, ko ya warke ba a mayar masa, don ba mai sake sa 'ya'yansa a jirginsa. Na ce to asibiti, akwai man kifi. Inna ta ce in rufa mata asiri. Kan gidanmu ke nan, ba ma cin abin da ya fito daga ruwa, wai alkawari ne tsakanin kakanmu na farko da kogi, shi ba zai ci nasa ba, kogi ba zai ci namu ba. Ku kun tashi kuna cin kifi, ba ku san yadda Baba ya riƙe wannan ba. Man shanu kuma Fulani sun riga sun ɗaga daga fadama saboda ruwa, wanda ake samu kaɗan ne. Ganye kuwa Baba cewa yake abincin awaki ne, ga ciki bai gama daidaita ba.

Washegari na ari keke na koma Malam Madori, na ce wa Abu Lofe ya ƙara mini kwanaki, na ɗauko gwangwanin bota na dawo. Na sami Baba da hantsi a gindin tsamiyar mashigi shi kaɗai yana fere sabuwar sanda. Na durƙusa na ajiye gwangwanin a gabansa, na ce na san abin da ke damunsa, ga kuma magani wanda ba mai ganewa magani ne, kowa zai ce ɗansa ne ya kawo masa tsarabar kanti. Ya ci gaba da fere.

“Uwarka ta faɗa maka.”

“Turmi ne ya faɗa mini, Baba.”

Ya taɓa gwangwanin da bakin wuƙa. “Wannan ba shi ne ake cewa da kitsen alade ake yi ba?”

Na ce ba shi ba ne, ga abin da ke ciki a rubuce. Na juya bayan gwangwanin na bi layin da yatsa ina karantawa ina mayarwa da Hausa. Man gyaɗa. Alayyadi. Gishiri. Madara. Na ce sannan an ƙara wani abu ana ce masa bitamin, shi ne abin da ya ƙare a jikinsa lokacin da yake shan koko zalla.

“An ƙara,” ya ce. “Wato algus.”

“Mai algus ba ya rubutawa, Baba.”

“Wa ya rubuta? Ba mai sayarwa ba? Ka taɓa jin mai tallan fura ta ce furarta ta kwana?” Ya ɗauki gwangwanin ya jujjuya. “To na ji. Gyaɗa daga ƙasa take, madara daga saniya. Shi wannan bita-me ɗin, daga jikin me aka ciro shi?”

Wallahi amsa tana bakina. In na ce daga ganye ne, shi ke nan, ba zai taɓa sani ba. Na sake duba gwangwanin, na bi shi gaba da baya har gindinsa. Ba a faɗa ba. Kuma na tuna maganar man hantar kifi ta Malam Bukar.

Na ce, “Ba a rubuta ba. Ban sani ba.”

Ya turo mini gwangwanin da ƙafa, ya ci gaba da fere sandarsa. Ya ce shi ya yi shekarun da ya yi a kan ruwan nan, ko an ɗaure masa ido ya san hanya, in tafi Kanon da nake rawar ƙafa a kai.

Ban tafi ba. Na ce bari in ga zuwan ruwa. Ya kuwa zo da ƙarfi a shekarar, ja wur, yana ɗauke da kara da kumfa, cikin 'yan kwanaki ya shafe yashin da ake takawa a ƙafa. Kwanakin farko Baba ya yi dabara, da la'asar yake ɗaure jirgi, ya ce sabon ruwa ne ba a fiton yamma. Ba wanda ya yi musu. Amma ranar kasuwar hayi ba a wannan dabarar, don mata ba sa tashi sai sun sayar da na ƙasan ƙwarya. Na ce zan raka shi in riƙa kwashe ruwa, ya ce in ga dama. Muka yi sawu muka yi sawu, na ƙarshe rana ta riga ta shige. Jirgi cike da mata da ƙore da wata akuya da jarirai a baya. Daga hayi, tsamiyar mashiginmu ake saitawa, a ɗan hau sama da ita don ruwa ya sauko da kai daidai. Ni ina ganin tsamiyar baƙi ƙirin a jikin sama. Baba ba ya ganinta. Kuma ruwan bana ya yanki sabuwar hanya, abin da ƙafarsa ta sani ba shi ba ne a ƙasa. Na ga hancin jirgi yana karkata yana bin ruwa, yana nufar wani lungu da ke ƙasa da gari inda ruwa ke juyi, inda sanda ba ta taɓa ƙasa. Na yi gyaran murya, na ce a hankali, “Baba, hagu.” Ko bai ji ba, ko ya ji ya ƙi.

Sai Goggo Ladi mai daddawa ta ɗaga kai. Matar nan ba abin da ke wuce ta.

“Malam Ari, har garin Guri za ka gangara da mu ne? Ni dai ban yi sallama da mijina ba.”

Aka yi dariya, amma na ga ta daina dariyar tana kallon fuskarsa, tana kallon inda yake kallo. In ta ƙara kallo ɗaya ta gane. In kuma muka ƙara tsawon jirgi biyu mun shiga juyin. Ban yi wani dogon tunani ba. Na taka ƙoren mutane na isa bayan jirgi, na kama sandar na fizge, na ɗaga murya yadda har na bakin gaɓa za su ji.

“Kawo nan, tsoho! Kullum sai ka zaga da mutane ta hanyar kakanninka don a ce ka san ruwa. Ni yunwa nake ji, ba zan kwana a kogi ba!”

Jirgin ya ɗauki salati. Wata ta ce, “La ilaha, ubanka ne fa!” Goggo Ladi ta manta da idon kowa, ta juyo kaina, ta zage ni tun daga boko har kanti, ta ce wannan shi ne amfanin kai yaro makarantar Nasara. Ni kuwa na dage na tokare, na juyo da hancin jirgi da ƙyar, ina tuƙi ina ƙunƙuni don su ci gaba da zagina. Baba ya zauna a kan wani buhu, ya sunkuyar da kai. Kowa ya ɗauka baƙin ciki ne. Da muka isa na riga kowa sauka, na ja jirgi, na tsaya dab da shi ina ta faɗan banza don ya bi muryata ya taka tudu. Mata suka watse da labari, kafin lisha ba gidan da bai shiga ba.

Da safe ina kwance a zaure na ji ya ce wa Inna ta kira masa wancan mara kunyar, ya zo da gwangwaninsa. Na kawo. Ya sa na buɗe da wuƙa, ya shinshina, ya lakato da yatsa ya duba.

“Da ka ce mini daga ganye ne,” ya ce, “da ban ci ba, don na san fuskarka in kana ƙarya. Tunda ka faɗi inda rubutun ya tsaya, na yarda da inda ya kai. Abin da ba a rubuta ba kuma, ni ban sani ba, kai ba ka sani ba, Allah ya sani, kogi ma ya ga abin da ya kusa faruwa jiya.” Ya yi bisimilla ya sa a baki, ya yamutsa fuska. “Wannan suke sayen da tsada? Ko ƙamshi babu.”

Daga ranar Inna take narka masa a kan tuwo safe da yamma. Da zogale ya yi toho ta riƙa dafawa tana kwaɗawa, ya ci yana mita. To amma kun ga inda na sa kaina. Tunda na ce na ƙwace fiton yamma, dole kullum in fito in riƙe shi, in ba haka ba a tambayi dalilin da ya sa Malam Ari bai karɓi abinsa ba. Na aika wa Abu Lofe cewa ba zan samu zuwa ba. Mutumin kirki ne, ya aiko mini da gwangwanayen da suka lotsa waɗanda ba sa sayuwa, ya ɗauki wani yaro ɗan Kafin Hausa ya tafi da shi. Wannan yaron daga baya har motar kansa ya yi a Kano, ya taɓa zuwa na fitar da shi hayi. Gwangwanayen kuma suka ƙara mini baƙin jini, don da aka ga fankonsu a bayan gidanmu sai aka ce ga shi nan, ya ƙwace sandar ubansa yana zaune yana shan bota kamar Bature. Akwai gidan da aka fara yi mini maganar aure, suka janye. A masallaci in na shiga sahu sai na kusa da ni ya ɗan matsa.

Idon Baba ya dawo a hankali. Ba zan ce muku bota ne kaɗai ba, ba zan ce zogale ne ba, ni ba likita ba ne, abin da na sani kafin gero ya yi kai Inna ta daina jawo turmi, kuma wata magariba ina tahowa da jirgi na ji Baba daga gindin tsamiya yana kiran sunayen waɗanda na ɗauko ɗaya bayan ɗaya, tun muna tsakiyar ruwa, wai yana yi musu sannu da kasuwa. Ni kaɗai na san abin da yake gwadawa.

A cikin kwanakin nan Sarkin Ruwa ya zo zagayen mashigai. Labari ya riga ya kai masa. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya, gari ya taru, har da mutanen gidan da suka daɗe suna son mashigin namu, sun zo da manyan riguna. Ya sa aka kira ni, na tsuguna a rana.

“Malam Ari,” ya ce, “na ji abin da yaron nan ya yi maka. Ni ban taɓa jin ka kauce hanya a ruwa ba. In akwai wani abu, faɗa mini. In kuma rashin kunya ce kawai, ka yi magana, yau in raba shi da kogin nan, in nemo maka mataimaki a wani gida.”

Na ga Baba ya buɗe baki. Na san abin da yake shirin faɗa, kuma in ya faɗa, duk zagin da na sha ya tafi a banza, mashigi ya bar gidanmu. Sai na yi sauri na riga shi.

“Ranka ya daɗe, rashin kunya ce. Zafin kai ne ya ɗebe ni.”

Sarkin Ruwa ya ce ba da ni yake ba. Ya ci gaba da kallon Baba. Baba ya kalli kogi, ya kalli masu manyan riguna, sannan ya ce, “Mara kunya ne, ranka ya daɗe, amma ya iya ruwa. A bar masa yamma, ni in riƙe safe.”

Sarkin Ruwa ya ce to mashigi yana nan a gidan Malam Ari, amma sai yaro ya nemi gafara a gaban waɗanda ya yi abin a gabansu. Na ja gwiwa har gaban Baba, na sa goshina a kan ƙafarsa, na ce na tuba, ya yafe mini. Goggo Ladi tana daga baya tana cewa a ƙara ɗaga murya, ba ta ji ba. Na ƙara. Baba ya ɗora hannu a kaina ya danna da ƙarfi har na ji zafi, ya ce da babbar murya, “Na yafe.” Sannan ya sunkuyo kamar zai ɗaga ni, bakinsa dab da kunnena, ya ce, “Kai ma ka yafe, Habu.”

Na tashi na karkaɗe gwiwa. Akwai mutane a hayi suna ta ɗaga hannu tun ɗazu, na ɗauki sanda na tafi ɗauko su.